Giɓin Bokiti Hamsin

Gonar Tollefson, Minnesota
12 ga Nuwamba, 2005

Kawu Duane,

Gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, da Anti Joyce da yara. Ka yi haƙuri da shirun da na yi a waya ranar Lahadi. Ka san ni, da na ɗora abin nan a kunne sai harshena ya maƙale. A takarda na fi iya magana.

Na ji abin da ka gaya wa Kaka Ardis: tunda Kaka Orville ya rasu babu mai kula da murhun da ke ƙona masara yana ɗumama gida, don haka mu rufe gida mu taho wurinka Minneapolis har sanyi ya wuce. Ba ta yi maka musu ba, amma da ta ajiye wayar ta yi ta goge teburin da ta riga ta goge. Shekararta hamsin da ɗaya a gidan nan. Ni ma tun rasuwar Mama ban san wani gida ba.

Ka ce in masara za ta kai mu Afrilu za ka bar mu. To, na auna. Masarar da ke cikin amalanke a rumfa bokiti ɗari uku ce, har da sittin da maƙwabcinmu Elmer Brekke ya zuba mana a sama ranar da ya gama girbi. Kwana bakwai ina lura, murhu yana cin bokiti ɗaya da rabi a yini. Kwana ɗari da hamsin za su ci ɗari biyu da ashirin da biyar. Ka ga har da rara.

Na iya share toka, na iya tayar da wuta. In na zauna ina jin ƙwayoyin suna faɗawa cikin wutar ɗaya bayan ɗaya, sai in tuna 'yan matan littattafaina da ke jiran wani a bakin murhu. Kaka ta ce, "Gimbiya, wanda zai zo miki sai Elmer, shi ma farantin abinci ya zo karɓa."

Ka huta lafiya.
'Yarka, Linnea

*

Minneapolis
18 ga Nuwamba

Linnea,

Gaisuwa gare ki da tsohuwa. Wasiƙarki ta iso, rubutunki ya fi lissafinki kyau.

Kin auna murhu a makon da mutane ke yawo ba hula. Janairu ba haka yake ba, ke ma kin sani. Sannan masarar Elmer: daga gona ya kawo ta ko daga injin busarwa? Tambaye shi. In kunyarsa kike ji, ɗebi cikin kwalba ki kai ma'ajiyar hatsi ta gari su gwada danshinta.

Ba mugunta nake yi ba. Uwata ce, shekararta saba'in da takwas. In wuta ta mutu muku ranar da ƙanƙara ta toshe hanya, awa huɗu ne tsakanina da ku. Na ba ki zuwa tsakiyar Disamba. In lissafi bai tsaya ba, zan zo da mota.

Kawunki, Duane

*

Gonar Tollefson
2 ga Disamba

Kawu,

Ina gaisuwa. Wannan wasiƙar sau uku ina yayyaga ta.

Kai ne da gaskiya. Da na fara ɗiba daga gefen da masarar Elmer take, wutar ta koma ja mai hayaƙi, gilashin murhu ya yi baƙi, toka ta dunƙule kamar dutse sai da na sa ƙarfe na fasa. Ga murhu yana ci, ga falo ba ɗumi. Na kai kwalba ma'ajiya. Na tsaya a ƙofa kusan minti goma kafin in iya shiga. Matar da ke awo ta ce danshinta ashirin da ɗaya cikin ɗari ne, murhu kuwa sha biyar yake so ko ƙasa. Ta ce, "'Yan mata, ruwa kike dafawa da masararki, ba ɗaki kike ɗumamawa ba."

Da Elmer ya ji, kunya ta kama shi. Ya ce shekara da shekaru haka yake kawowa, bai taɓa sanin Kaka Orville yana mayar da ita a busar a ɓoye ba don kada ya ji ba daɗi. Ya kwashe ta ya busar ya dawo da ita. Sittin ta koma hamsin da biyar. Kaka ta ba shi lefse, gurasar dankalin nan tata, ta ce, "Ci, mai sayar da ruwa."

Ga abin da ya fi wuya. Ina neman tsintsiya na ga rubutun fensir a bayan ƙofar ɗakin ƙasa. Hannun Kaka Orville ne, hunturu huɗu yana rubuta bokitin kowace rana. Daga Disamba zuwa ƙarshen Fabrairu bokiti uku ne a yini, ba ɗaya da rabi ba. Makon nan da sanyi ya sauko na gwada, ashirin da ɗaya cif a kwana bakwai. Hunturun duka yana son ɗari uku da arba'in da biyar. Mu da ɗari biyu da casa'in da biyar muka fara.

Giɓin bokiti hamsin ke nan, Kawu. Wuta za ta mutu a farkon Maris.

Na yi niyyar in rubuto maka wata lambar, don ba ka san da ƙofar ba. A littattafai a irin wannan wurin ne wani yake ɓullowa da doki. Na leƙa taga, motar wasiƙu kawai na gani. Ban gaya wa Kaka ba tukuna. Ina roƙonka kada ka taso sai ka sake ji daga gare ni.

Linnea

*

Gonar Tollefson
11 ga Disamba

Kawu,

Gaisuwa. Shirun da ka yi na ɗauke shi izini ne.

Na gaya wa Kaka. Ta ajiye kofin kofi ta ce, "To ina zafin yake tafiya?" Na kunna kyandir na bi gidan da shi. Da na zo gindin matakala sai harshen wutar ya kwanta yana nuna sama. Ɗakuna uku ne a bene, biyu ba kowa, na ukun nawa ne. Ashe ni murhu yake wa aiki.

Ka san ɗakin, wanda tagarsa ke kallon layin itatuwa. Na Mama ne tana budurwa. A bakin tagar nan nake karatu, nan ne kawai ba mai kallona. Washegari na sauko da katifata da kwalin littattafai, muka rufe ƙofar bene, muka rataya mata barguna biyu, muka cusa tsumma a ƙarƙashi. Famfon ruwa duk a ƙasa yake, babu bututun da zai daskare a sama, na duba.

Na sake awon kwana bakwai. Ma'aunin da ke bakin taga ya nuna sanyi daidai da na wancan makon, kwana biyu ma ya fi. Murhu ya ci bokiti goma sha shida maimakon ashirin da ɗaya, falo kuma ya yi ɗumi har Kaka ta cire suwaita. In aka tafi a haka za mu kai goma ga Afrilu da ragowar bokiti goma da wani abu. Ba yawa, na sani. Amma wannan lambar ban yi mata kwalliya ba. Na fara rubuta tawa a bayan ƙofa, ƙasan ta Kaka Orville, kana iya zuwa ka gani.

Yanzu a falo nake kwana, labule ne kawai tsakanina da gadon Kaka. Kawu, me ya sa ba wanda ya taɓa gaya mini mahaifiyarka tana minshari kamar tarakta? Na yi mata magana, ta ce, "Gimbiya, ba ni ba ce, murhu ne."

In har yanzu kana ganin mu taho, zan haɗa kaya ba gardama. Amma ita ka gaya wa da bakinka, ni ba zan iya ba.

Ka gaida Anti Joyce.
'Yarka, Linnea

*

Minneapolis
15 ga Disamba

Linnea,

Na gaishe ku. Na karanta, na sake karantawa.

Mota ba za ta zo ba. Duk ranar Lahadi ki aiko mini da adadin bokiti, a takarda, tunda waya ta fi ƙarfinki.

Abin da ke cikin ƙaramin ambulan na toshe kunne ne. Shekara goma sha takwas na yi a gidan nan, na san murhun da take nufi.

Kawunki, Duane