Na'urarku Tana Sake Shawara, Damina Tana Tafe

Zuwa ga Shugaban tawagar masu binciken kufai a ƙasar Gagarawa,

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan alheri, ni ne mai gonar nan ta bakin hanyar Gumel, wanda ya shimfiɗa muku tabarma a gindin tsamiya ranar da jirginku mara matuƙi ya fara shawagi a kanmu. Kuka na kawo.

Na farko, da rani ma'aikatanka suka ce ƙirƙirarriyar basirar da ke duba hotunan jirgin ta hango tsohon gari binne a gabashin gonata. Wallahi na yi murna, har na yi wa maƙwabta fankama. Aka kafa turaku, aka ja igiya, ni da jakina muka kwashe taki muka mayar yamma.

Na biyu, da aka tono 'yan tsingaro aka nuna mata, sai ta sake shawara, wai garin yana yamma. Turaku suka biyo taki, muka sake kwashewa. Makon jiya kuma aka ce tana zargin tsakiya. Jakin nan yanzu ko ƙarar motarku ya ji sai ya toge.

Na uku, an yi mini bayani cewa haka aka gina ta, duk abin da aka nuna mata sai ta gyara fahimtarta. Ban musa ba. Na koyar a firamare, na san ɗalibi mai karɓar gyara ya fi mai taurin kai. Sai dai ɗalibina in ya kuskure allo ake gogewa, ita kuwa gonata ake tonawa. Kuma duk karatun da kuke ba ta na mutanen da ne, ba wanda ya gaya mata hadari ya fara haɗuwa. Irin maƙwabtana yana ƙasa yana jiran ruwa, nawa yana buhu. In shukar farko ta wuce ni, bana sai na sayi abin da iyalina za su ci, kuma abin yana damuna ƙwarai.

Roƙona, ku tsayar da igiyar wuri guda kafin ruwa ya sauka, ku sakar mini sauran. Bayan girbi ta zo ta yi ta sake shawara son ranta, tabarmar tana nan.

Allah ya ƙara basira, gare ku da ita, ya nuna muku garin nan. In kun same shi, ku leƙa cikin tukwanen. Gero aka dafa a ciki, kuma sai da aka bar masu shi suka shuka.

Wassalam.

Naku, tsohon malamin firamare, manomi a ƙasar Gagarawa.