Ban Kama Sunanshi Ba

Laraba, bayan sallar isha'i

Raina bai kwanta da ɗan jaridar nan na rediyo ba. Da la'asar ya yi sallama a zaure, wai yana son jin ta bakina, ni mahaifiyar mai tsaron gidan ƙungiyar ƙwallon jami'a. Shi ne fa makon jiya, da aka ci su biyu, ya ce hannun yaron kamar rariya. Waɗanda ƙwallo ke ciyar da su, sana'arsu ce, a faɗa musu. Wanga kuwa ɗalibi ne, Litinin ma yana da jarrabawa.

Ya miƙo waya ta bayan labule. "Inna, yaya sunan ɗanki? Kina alfahari da shi?"

Ɗan farina? In kama sunanshi, har in yabe shi duniya na ji? Na ce, "Wancan? Ban san abin da yake yi ba. Tambayi babanshi."

Sai ya yi 'yar dariya ya ce, "Madalla, wannan ya isa."

Ya isa me? Ɗan garin nan ne, ya san kunya ce. Da yabo yake nema, wajen gwaggon yaron zai tafi. Allah ya yafe mini zato, amma ina jin Juma'a zai saka muryata ya ce ko uwarshi ta juya mishi baya.

Da yaron ya dawo na zuba mishi tuwo, na ƙara tsoka biyu. Ya dube ni ya yi murmushi. Shi ya san ma'anar naman. Masu sauraren rediyo fa, wa zai gaya musu?