Layi Na Huɗu

Litinin, 3 ga Maris

Sun tafi da maigidana daga ofis da ƙarfe sha ɗaya na safe. Sakatariyarsa ta ce su uku ne, ba kaki, har da gaisuwa. Wai 'yan tambayoyi ne kawai. Sun kwashe takardun sakamakon zaɓen da ya tattara wa Mai Gilashi, ɗan takararmu da aka ce ya faɗi. Maganin hawan jinin maigidana yana nan kan firji, sama da hoton Mai Gilashi da muka manna. Na kira mai hoton sau shida. Tana shiga, ba a ɗauka.

Laraba, 5 ga Maris

Ofishi huɗu na je. Ko'ina akwai benci da fanka da wani mai ladabi da bai taɓa jin sunan ba. Ni da nake koyar da ƙididdiga a jami'a, na zauna ina lissafin kwana nawa mutum zai yi ba magani. Gara ban iya lissafi ba.

Juma'a, 7 ga Maris

Ni nake buga takardar addu'ar Lahadi a coci, don ina da injin bugawa kuma na san inda waƙafi yake zama. Tsarin ba ya canzawa: ɗaya marasa lafiya, biyu matafiya, uku masu makoki, huɗu mai mulki, da cikakken sunansa. Dokar Fasto ce. Shekara biyu ina cika baki cewa ranar da Mai Gilashi ya hau zan buga layin nan da manyan baƙaƙe.

Yau daga uku na tsallaka biyar.

Surukata ta zo ta tsaya a bayana. Na ce, "Mama, babu layin waɗanda aka kama." Ta ce, "Sa shi cikin matafiya, 'yata. Ai dawowa zai yi." Na buga sunan mijina ba daidai ba har sau biyu.

Lahadi, 9 ga Maris

Fasto ya tare ni a bakin ƙofa bayan sujada.

"Malama, injinki ya haɗiye layi."

"Tawada ce ta ƙare, Baba."

"A tsakiyar shafi?"

Na ce ba zan buga sunan wanda mutanensa suka ɗauke mini miji ba. Bai yi mini wa'azi ba, abin da ya fi ba ni haushi ke nan. Cewa ya yi mutum biyar ya yi wa addu'a a layin nan, biyu ma da hannunsa ya zaɓe su. "Duk sun sauka. Wanda nake kai ƙararsu wurinsa bai sauka ba."

Magana mai daɗi. Ba ta kai wa kowa magani ba.

Talata, 11 ga Maris

Duk motar da ta rage gudu a ƙofar gida, sai na leƙa ta taga. Waya kuwa ba ta barin hannuna, dare da rana.

Alhamis, 13 ga Maris

Mai Gilashi a talabijin da rana tsaka, yana rungume da sabon shugaba. An ba shi muƙami. Ya ce abin da ya wuce ya wuce. Na jira ya ambaci waɗanda ke tsare. Ya gode wa matarsa.

Na ɓanɓare hoton. Wurin ya fi sauran firjin fari. Mama ta duba ta ce, "Ashe da haka firjin yake." Na yi dariya, daga nan ban san abin da ya faru ba, sai ga ni zaune a ƙasa tana riƙe da kaina tana kiran sunan Yesu a hankali. Ban hana ta ba.

Juma'a, 14 ga Maris

Lauya ya ga maigidana. Minti biyar. Da rai, ƙafafu a kumbure. Sun karɓi maganin, ba su ce za su ba shi ba. Ba su ce yaushe za su sake shi ba.

Na buga takarda. Layi na huɗu, cikakken suna, ƙananan baƙaƙe. Na duba rubutun sau biyu, don ba na son kuskure ko a sunan maƙiyi.

Lahadi, 16 ga Maris

An karanta matafiya, na ji sunan mijina a bakin mutum ɗari biyu. An zo na huɗu. Na yi niyyar yin shiru, sai na ji amin ta fito daga bakina. Ina gaya wa kaina na ce amin ne don makulli yana hannun mutumin, dabara ce kawai. Amma ba da shi nake magana ba, na sani.

Har yanzu tsoro nake ji. Sai dai da muka fito ina lalube a jaka, na ga ashe a mota na bar wayar tun safe.