Muryarki Ta Iso Sabo

Ƙanwata Rahamatu,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki Malam da yara. Yaya ƙafar Inna? Ki ce mata ina cin abinci. Ni lafiya lau, sai dai bayana da buhunan albasar Shasha suka sa gaba, amma da sauƙi.

Kin tuna kaset ɗin da muka yi a Gusau kafin aurenki, ina kaɗa fiyano kina waƙa? Hanzala, ɗan mai gidan da nake haya, mai sa kiɗa ne a bukukuwa. Ya ara, ya zuba shi a kwamfuta, ya ƙara masa sauri da gangunan Yarbawa. Da ya kunna a wani biki a Mokola, har tsofaffi suka taka. Yanzu yana so ya sa a intanet.

Na san kin bar waƙa, na kuma san halin Malam. Na ce ya cire muryarki. Ya ce, "Haba Baba, ai muryar ce waƙar." Na dage, ya cire. Da ya kunna mini, sai na ji hayaniya kawai, na tashi na fita.

Na gaji da tunani, Rahamatu. Muryarki ce, ke za ki yanke. In kin ce a goge, za a goge. Amma ki yarje mini in ajiye ɗaya a wayata, in riƙa ji idan na dawo daga kasuwa. Ba wanda zai ji sai ni.

Allah ya raya mana yaran.

Yayanki,
Musbahu