Kazar Inna Ta Ƙi Tashi

Yaya Sabo,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya. Ya iyali, ya zaman Legas? Mu nan Roni lafiya, sai dai hankalina ya ƙi kwanciya.

Jar kazar Inna tana ta kwanci a ƙarƙashin rumbu, alhali maciji ya shanye ƙwan tuntuni. Ba ta ci, duk ta rame. Na tsoma ta a ruwa, na ɗaure ta, ana kwancewa sai ta koma. Jiya Inna ta riƙe hannuna, ta ce, "Ƙyale ta, Ladi. Ni ma haka nake zaune, ina jiran wani." Ka san ba ta kiran sunanka.

Ka gaida yara, ka sa mu a addu'a. Don Allah ka zo, ita ma ba ta ci.

Ƙanwarka,
Ladi