Kwamfutar Asibiti Ta Ƙi Babanku

Ɗana,

Don Allah ajiye abin da kake yi ka saurare ni yanzu. Ina gaishe ka, ya jiki, ya matarka da yara? Maƙwabciyarmu mai ɗinki ce ke rubuta mini.

Asibitin da ake wa babanku wankin ƙoda sun canza tsari. Wai sai kwamfuta ta karɓi sunansa kafin a ba shi gado. A cike takarda yau, amsa sai gobe. Ran Litinin ta ce babu ranar haihuwa. Wa ya rubuta ranar da aka haifi babanku? Na je kotu na yi rantsuwa a kan ranar da ban sani ba, Allah ya yafe mini. Na kawo, sai ta ce sunan da ke katinsa ya bambanta da na tsohon fayil da harafi ɗaya. Me ya hana ta faɗa tun Litinin? Wanki biyu ya wuce shi. Ƙafafunsa sun kumbura, takalmi ba ya shiga.

Kai da aikin kwamfuta ne sana'arka, gaya mini yadda ake roƙonta.

Innarka.

Ɗana,

Gaisuwa, da fatan kuna lafiya. Yau wata mai jinyar mijinta ce ke rubuta mini, a kan bencin asibiti.

An karanta mini amsarka. Ka ce ba mugunta ba ce, wai akwai kwamfuta mai tsayawa a kuskuren farko, akwai mai tara su duka ta faɗa lokaci guda, kuma irin ta biyun kake ginawa a wurin aikinku. Allah ya yi albarka. Ni dai ta farkon aka haɗa ni da ita.

An gyara harafin. Yanzu yatsa take so. Mutumin da ya shekara arba'in yana gini, siminti ya bar masa zanen yatsa ne? Duka goman aka gwada. Ma'aikaciyar da ke kan kwamfutar har ta yi ƙwalla, ta juyo mini allon in gani, kamar na iya karatu. Ta ce ba a yi mata wurin dannawa ta tsallake ba. Mai ikon ba da izinin tsallakewa ba zai zo ba sai mako mai zuwa, kuma ba ta san ko bayan yatsan da saura ba.

Babanku a zaune yake kwana, numfashi ba ya barinsa ya kwanta. Ya daina tambayata me suka ce. Tsoro nake ji, ɗana.

Ka taho. Amma kafin ka hau mota, kafin ƙannenka su ji, ka fara kiran gwaggonku, yayarsa. Ita ta goye shi.

Innarka.