Ta Bar Ni a Rabin Dutsenmu na Ƙarshe

Anti Morven, don Allah ki taimake ni da shawara. Abin da ke cina a rai ba zan iya faɗa wa kowa a Falkirk ba, domin duk wanda na sani yana wurin, da idonsa ya gani. Ni tsohon direban bas ne, na haura sittin da biyar, kuma ban taɓa rubuta wa jarida komai ba, saboda haka ki yi haƙuri idan na yi ta kewaye-kewaye.

Ni da matata Ishbel masu hawan dutse ne tun kafin mu yi aure. Manyan duwatsun ƙasar nan tamu da ake kira Munro, kusan ɗari uku, muka yi alkawarin sai mun taka kan kowanne. Mu ba irin waɗanda ke zuwa da mota mai ɗumi su kwana a otal ba ne. Jaka a baya, tsohon tanti, kunun hatsin oti da safe, burodi da cuku da rana. Inda muka sami bukkar makiyaya ta dā wadda ake kwana kyauta, mu shiga. Inda babu, mu kafa tanti a bakin tafki. Ban taɓa biyan kuɗin gado a cikin duwatsu ba, kuma ba na jin kunyar faɗa.

Ina da doka ɗaya tun ina saurayi, kowa a cikin abokan tafiyarmu ya san ta: wanda ya kasa, ya koma tanti ya ɗora ruwan shayi, saura su wuce. Ba mugunta ba ce, hankali ne. Hutun aiki kaɗan ne, kuɗin jirgin ƙasa ba a ƙasa ake tsintarsa ba, rana mai kyau kuwa kin san yadda take wuya a ƙasar nan. Ita ma Ishbel dokar ta sha hawa kanta. Akwai lokacin da take da ƙaramin cikin 'yarmu Kirsteen, can Knoydart, amai ya hana ta tafiya, na bar ta a tanti na hau na sauko. Akwai lokacin da ta yi targaɗe, akwai na ciwon kan nan da take fama da shi. Ba ta taɓa cewa uffan ba. Daga baya ita da kanta ta riƙa goya jakarta a ƙarshen mako tana komawa ta hau waɗanda suka wuce ta, ni kuma in zauna da yarinya a gida. To me kuma ake so in yi?

A haka har bara, dutse ɗaya ya rage mini, ɗaya ya rage mata, kuma dutsen ɗaya ne: Beinn na Lap, wanda ke saman tafkin Ossian. Da gangan muka ajiye shi, don ba shi da wuya, kuma jirgin ƙasa na sauke mutum a tashar Corrour kusa da gindinsa, tsofaffi ma za su iya zuwa. Kin san yadda ake yi a dutsen ƙarshe: a gayyaci 'yan'uwa da abokai, su ɗaga sandunan tafiyarsu sama su haɗa kawunansu, mai gamawa ya bi ta ƙarƙashi ya dafa tsibin duwatsun da ke ƙololuwa, a yi busa, a buɗe wiski, a yanka kek. Mun sha faɗa wa juna cewa hannu biyu za su dafa tsibin nan lokaci guda.

Sai a lokacin sanyi zuciyata ta ba ni matsala, aka buɗe mini wata jijiya da ta toshe. Likita ta ce in bi a hankali. Ishbel ta ce mu ɗaga tafiyar zuwa baɗi, na ce ina, na riga na yanki tikitin araha wanda ba a mayar da kuɗinsa, an kuma gayyaci mutane. Ta ce to aƙalla mu kama gado a masaukin matafiya da ke bakin tafkin, in yi barci mai kyau kafin ranar. Na ce ba a dutsen ƙarshe zan fara biyan kuɗin gado ba. Muka kwana a tanti, ruwa ya kwana yana zuba, ban runtsa ba.

Da safe mutanenmu suka sauko daga jirgi, har da Torquil, abokina tun muna garejin bas, ya goyo kayan busarsa. Muka fara hawa. Anti, ban yi nisa ba na ji kamar an ɗora mini buhu a ƙirji. Ina tafiya ina tsayawa. Torquil sai zolaya yake: "Kai dattijo, wannan bas ɗin taka ta mutu ne ko sai mun tura?" Ana dariya, ni ma ina yaƙe. Da muka kai wajen rabi, ƙafafuna suka ƙi, na zauna a kan wani dutse. Gajimare ya fara saukowa, mutane kuma dole su kama jirgin yamma, in ya wuce babu wata hanyar fita.

Ishbel ta dawo ta tsaya a kaina. Na ɗauka za ta ce kowa ya juya, a sake rana. Ta dubi agogonta, ta dubi sama, sannan ta dube ni, ba fushi ba murmushi, ta ce, "Maigida, ka kasa. Koma tanti ka ɗora ruwan shayi." A gaban kowa, Anti. Ta ce wa Kirsteen ta raka ni ƙasa, ta gyara jakarta ta wuce, ko waiwaye babu. Mun ɗan sauko da Kirsteen tana ta "Baba sannu, Baba riƙe ni," na ce mata ni ba gawa ba ne, ta ɓace mini da gani. Ta fashe da kuka ta koma sama da gudu.

Na zauna ni kaɗai a bakin tafki, 'yan mitsi-mitsin ƙudajen nan masu cizo suna cin fuskata. Can sai iska ta kawo mini busar Torquil daga sama, da shewar mutane. Na yi kuka kamar yaro, ba zan ɓoye miki ba.

Ba a nan abin ya tsaya ba. Da yamma muna ɗan gidan abincin tashar muna jiran jirgi, Torquil ya ɗaga kofinsa, ina jin tausayina ne ya kama shi, ya ce, "Jama'a, ni a wurina su biyun duka sun gama. Rabin Beinn na Lap da toshewar jijiya ai ya fi ƙololuwa." Aka fara tafi. Ishbel ta ajiye cokalinta ta ce, "A'a Torquil, bai gama ba. Saura masa ɗaya. Shi da bakinsa yake cewa abin da ƙafa ba ta taka ba ba ya cikin lissafi." Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Ita kuwa ta ci gaba da cin kek ɗinta, ko a jikinta.

Tun daga ranar magana ba ta haɗa mu sai ta dole. Ta ce idan bazara ta zo, likita ta yarda, za ta sake hawa da ni. Ni ba na so. Ta riga ta dafa tsibin, me ya rage kuma? Ta ja ni kamar tsohon kare a yi mini tafin tausayi? Abin da na shirya shi ne, a watan Nuwamba in ce mata na tafi wurin ƙanena a Perth, in ɗauki tantina in hau ni kaɗai, ba busa ba kek, in dawo in ajiye mata hoton a kan tebur. Shin ba ni da gaskiya? Kuma macen da ta yi wa mijinta marar lafiya haka, akwai sauran so a zuciyarta kuwa?

Wanda aka bari a bakin tafki,
Falkirk

*

Ɗan'uwa, na karanta wasiƙarka, kuma na ji zafin da ka ji. Mutum ya ajiye buri tun yana saurayi, ya zo bakin cikarsa jiki ya ci amanarsa, ya zauna a ƙasa yana jin ana shagali a sama, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Ba kuma zan wanke Ishbel tas ba. Maganar da ta yi maka a kan dutse da gangan ta zaɓe ta, ta san inda za ta soke ka, kuma a gaban jama'a. Ta tashar jirgi kuwa ba ta zama dole ba, da ta yi shiru da ba abin da zai ragu a jikinta. Ta so ka ji ciwo, ka kuma ji.

Amma tunda shawara ka nema, ba lallashi ba, ga sauran maganar. Wa ya kafa dokar? Ka bar mace da ƙaramin ciki tana amai a cikin tanti, a wurin da ko titin mota babu, ka tafi neman ƙololuwa, yau kuma kake ba ni labarin kamar wani abin yabo. Ka ce ba ta taɓa cewa uffan ba. Shirun nan ba yarda ba ne, ajiya ce ta yi, ranar nan ta ɗauko maka kayanka ta ba ka. Kowane dutsen da ka bar ta a gindinsa, ita kaɗai ta koma ta hau, a cikin ruwa da iska, ba wanda ya yi mata busa. A duk tsawon wasiƙarka ban ga inda ka ce ka koma da ita ko sau ɗaya ba.

Ka kuma duba abin da ka tsallake da sauri. Ta ce a ɗaga tafiyar, ka zaɓi tikitinka. Ta ce a kama maka gado, ka zaɓi alfaharinka. Ashe sau biyu ta nemi ta cece ka daga wannan rana, kai ka ƙi. A kan dutsen ma ba ta bar ka kai kaɗai ba: ta haƙura da 'yarta tilo a ranar da ta fi son ganinta a gefenta, ta haɗa ku. Kai ne ka kori yarinyar da baƙar magana. Kana tambaya ko akwai sauran so. Macen da so ya ƙare mata ba ta cewa za ta sake goya jaka ta bi ka a hankali har sama.

Maganar Nuwamba kuwa, ka cire ta daga ranka yau ɗin nan. Rana gajera, ƙanƙara a sama, zuciya mai ɗinki, ba wanda ya san inda kake: wannan ba jarumtaka ba ce. Idan ka faɗi a can, wasu bayin Allah ne za su bar iyalinsu su fito nemanka cikin sanyi, kuma Ishbel ce za a buga wa ƙofa, alhali tana zaton kana Perth kana shan shayi da ƙanenka. Ba dutsen kake son hawa ba, ita kake son hukuntawa, kuma hukuncin ya yi tsada.

Ga abin da za ka yi. Ka koma wurin likitarka ka faɗa mata gaskiyar abin da ka ji a ƙirjinka ranar nan, domin ina zargin ba ka faɗa ba. Ka kira Kirsteen ka ba ta haƙuri, ita ba ta yi maka komai ba. Sannan ka zauna da matarka, ba don ka karanta mata laifinta ba. Ka tambaye ta yadda ta ji a tantin Knoydart, ka rufe bakinka har ta gama, ko da abin da za ta faɗa zai fi na tashar jirgi ɗaci. Bayan nan kana da damar ka ce mata ita ma ta ji maka ciwo, kuma ina kyautata zaton za ta amsa. Idan likita ta yarda, ku tafi da bazara, ku biyu, a kan gadon da ka biya kuɗinsa.

Mai yiwuwa kuma likita ta ce a'a har abada. In haka ta faru, za ka zauna da saura ɗaya har ƙarshen rayuwarka, zai yi maka ciwo, amma ba zai kashe ka ba. Beinn na Lap bai san da zamanka ba, ko ka hau ko kada ka hau. Wadda ta san da zamanka tana cikin gidanka, kuma ita kam tana iya gajiya da jira.

Allah ya ba ka lafiya, ya sanyaya zukatanku ku biyu.

Anti Morven